Ƙishin Ƙasa

Yanzu yaƙi ya zama abin da ake kallo da hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe da tsinken cin taliya. Ina zaune a kan 'yar kujerar roba a wani shagon takalma a titin Zhanxi Lu na Guangzhou, ina jira a fito mini da samfuri daga sito. Mai shagon, wanda muke kira lawban kamar kowane mai shago a garin nan, ya jingina waya da kwalin takalmi yana cin abincinsa, bama-bamai na tashi a gabansa, ko gezau bai yi ba. Da ya gaji sai ya shafa gilashin da ɗan yatsa, yaƙin ya wuce, wata mai rawa ta shigo. Ni dai na tsufa da irin wannan. 'Ya'yana sun sha ce mini in daina zuwa Guangzhou, in zauna a Kano a riƙa turo mini hoto ina zaɓa, amma takalmin da ban lanƙwasa gindinsa da hannuna ba, ban shinshina gam ɗinsa ba, ba na sa shi a kwantena. Shi ya sa har yau nake jan gwiwoyin nan ina hawa benen mutane.

A kan wannan kujerar saƙon ya same ni. Daga autana ne, wanda ya tafi Kanada karatu, ya gama, ya samu aiki, har suka ba shi takardar zama ɗan ƙasa. Ya rubuta: "Baba, na yanke shawara zan shiga soja a nan. Kishin kasa ne. Amma ba zan sa hannu ba sai ka yarda." Na karanta, na cire tabarau na goge, na sake karantawa. Lawban ya miƙo mini takalmin, na karɓa na riƙe ban san me na riƙe ba. Abin da ya tsaya mini a ido shi ne kalmomi biyun nan na tsakiya. Yaran yanzu ba sa sa wa harafi ƙugiya a waya. Ƙasa ma kasa ya rubuta. To idan ƙugiyar ƙasa ta faɗi a hanya, wa ya tabbatar mini ta kalmar farko ba ta faɗi ba? Wani zai ce tsufa ne ya sa nake tsintar magana a inda babu. Ni na san inda na samo ta.

Muna yara a makarantar kwana, kallo sai an yi masa shiri. Ranar Asabar tun da sassafe ake kaɗa ƙarfen nan da aka rataye a jikin darbejiya, ƙararsa har cikin haƙori. Mu ɗebo ruwa, mu share fili da tsintsiyar kwakwa har sai sawunta ya fito layi-layi, mu wanke fararen kayanmu mu shanya a kan ciyawa, a yi ta faɗa a kan dutsen guga na gawayi guda ɗaya da ke ɗakinmu. Wanda bai gama aikinsa ba, ba shi ba majigi. Bayan azahar sai a kwaso barguna a toshe tagogin ɗakin cin abinci, a tura tebura gefe, a rataya zanin gado a bango. Ga zafi, ga warin miyar kuka da na zufar yara, ga injin wuta yana ta gurnani a waje, amma da hasken nan ya faɗa kan zanin gadon ko tari ba ka ji. Mun riga mun san ƙa'idar kallo tun daga silimar cikin gari: akwai akta, akwai bos, akta ba ya mutuwa, in ma ya ga dama ya mutu sai a ƙarshe, bayan ya gama jawabi.

Mai majigin malaminmu ne na labarin ƙasa, wani saurayin Bature da muke kira Malam Dogo. Mu a wurinmu Bature Bature ne, amma shi kullum sai ya gyara mana, ya ce shi ba ɗan Ingila ba ne, ba kuma ɗan Amurka ba, daga Kanada yake. Ya ɗauki koyon Hausa da gaske. Da farko harshensa bai iya harafin nan mai ƙugiya ba. Ƙafa ya ce kafa, ƙofa ya ce kofa, mu yi ta ƙyaƙyata masa dariya. Abin ya yi masa ciwo, ya dage, har muna jiyo shi a bayan gidansa yana maimaitawa shi kaɗai kamar mai shaƙuwa. Da ya iya kuma sai ya hana kowa sakat, ya riƙa manna ƙugiyar ko'ina. Kaza ta koma ƙaza, kifi ya koma ƙifi, in mun cika surutu ya buga tebur ya ce, "Ƙu rufe baƙinƙu!" Ranar da ya faɗi wannan har shugaban ɗalibai sai da ya fita waje ya yi dariyarsa ya dawo. Muna son sa, ko da yake yawancin fina-finan da ake aiko masa daga ƙasarsu na noman alkama ne da saran itace a cikin ƙanƙara.

Lokacin ana cikin yaƙin basasa. Rediyo ba ta da aiki sai badujala. Manyan motoci cike da sababbin sojoji suna wucewa ta bakin makarantarmu za su tashar jirgin ƙasa, suna waƙa suna bubbuga jikin mota, mu kuma mu ruga bakin shinge muna ɗaga hannu har sai sun ɓace. Kakana in na je hutu ina ba shi labari cewa kawai yake, "Ku saurari waƙar nan da kyau, in sun dawo ba za su yi ta ba," ni kuma in ce a raina tsoho ne, jininsa ya yi sanyi. Abokina Garba, wanda muke benci ɗaya, ya fi kowa zafi. Ya ɗan girme mu, gemu ya fara tsiro masa, ya iya fareti da sandar tsintsiya, kuma kalmar da ba ta barin bakinsa ita ce kishin ƙasa. Saboda haka ranar da Malam Dogo ya ce wannan Asabar ɗin fim ɗin yaƙi ne, na sojojin ƙasarsu a yaƙin duniya, Garba ya riga kowa gama shara, ya kama mana wuri a gaba.

Ban taɓa ganin fim mai ban haushi irin wannan ba. Mun zo ganin jarumai, sai ga samari a cikin taɓo suna rawar ɗari, wannan yana matse safa, wancan yana neman ashana. Babu tuta, babu kiɗa. Duk da haka muka zaɓi aktanmu, wani mai gashin baki da yake ba 'yan uwansa dariya, muka ce ai wannan ne zai gama da bos. Ba a kai rabin fim ba ya durƙusa zai ɗaure igiyar takalminsa, sai kawai ya kife. Bai yi jawabi ba. Abokansa ma ba su tsaya ba, suka tsallake shi suka wuce, mu kuma muka zauna muna jira ya tashi har fim ɗin ya ƙare. Bos ɗin ma ba mu gan shi ba. Da aka nuno na ɗaya ɓangaren, yara ne su ma, suna jin sanyi iri ɗaya. Aka rufe da wani fili mai fararen duwatsu a jere, mutane tsaitsaye shiru, kowa da ɗan jan fure a ƙirji, irin wanda Malam Dogo yake maƙalawa a rigarsa sau ɗaya a shekara ba mu taɓa tambayar dalili ba.

Da aka yaye bargunan, Garba ya miƙe ransa a ɓace. Ya ce, "Malam, wannan wane irin fim ne? An ce kun ci yaƙin, amma ko tafi babu. Ina kishin ƙasar yake?"

Malam Dogo yana naɗe faifan, ya nuna zanin gadon da haɓa, ya ce da Hausarsa, "Ai shi ne wannan. Ƙishin ƙasa."

Ɗakin ya fashe. Har da masu buga tebur. Ya tsaya yana kallon mu, ya ce, "Me na ce kuma?"

Ni ne na fi kusa da shi, na ce, "Malam, kishi shi ne zuciyarka ta yi zafi a kan abin da yake naka. Ƙishi kuma na ruwa ne. Cewa ka yi ƙasa tana jin ƙishirwa."

Na zaci zai yi dariya ya gyara kamar yadda ya saba. Sai ya daina naɗe faifan. Ya ce, a hankali, yana zaɓen kowace kalma, "To a bar shi haka. Yau ban yi kuskure ba." Sannan ya koma Turanci ya gaya mana cewa mahaifinsa yana ƙarƙashin ɗaya daga cikin irin waɗancan duwatsun, a wata ƙasa da shi bai taɓa takawa ba, yana ciki aka tafi da uban, bai san fuskarsa ba sai a hoto. Ya ce su ma suna son ƙasarsu, in aka sake kira za su je, amma ba sa tafi, don sun san abin da ƙasa ta sha. Dariya ta ɗauke. Muna fita Garba ya dafa kafaɗata ya ce, "Rabu da shi, mutanen nan matsorata ne."

Hutun da ya biyo baya Garba ya je wa mahaifiyarsa da maganar shiga soja. Ta ce ba ta yarda ba. Ya roƙa, ta ce in ya tafi ba da yawunta ba. Wata asuba ya ɗauki takalmansa a hannu don kada ta ji takunsa, ya fice. Da muka koma makaranta gefen bencina babu kowa. Yaƙi ya ƙare, motoci suka dawo, kuma kamar yadda kakana ya faɗa, babu mai waƙa. Garba ba ya ciki. Ba gawa, ba kabari, ba wanda ya iya cewa ga inda ya faɗi. Na riƙa zuwa gaishe da mahaifiyarsa har na yi aure, har ta rasu, kuma ban taɓa jin ta zagi soja ko gwamnati ba. Magana ɗaya ce take maimaitawa, tana tsince shinkafa a faifai ba ta kallona: "Da na san tafiyar zai yi ko ta yaya, da na sa masa albarka. Haka ya tafi, ba ko Allah ya kiyaye." Wannan maganar ta fi mutuwar tasa zama a raina.

Na ba 'ya'yana labarin nan har sun gaji, musamman auta, wanda tun yana ƙarami in ya ga soja a titi sai ya ƙame. Da maganar karatunsa ta taso, ana cewa nan ana cewa can, ni na dage sai Kanada. Na ce mutanen can masu sanyin kai ne, ko fim ɗin yaƙinsu ba ya sa yaro sha'awar kaki, can ne zan kai shi in yi barci. Ga shi yau daga can ɗin saƙon ya fito. Duniyar kuma ba ta zauna ba. Duk wayar da ka leƙa a kasuwar nan wani gari ne yake ci da wuta, ka shafa ya wuce, wani ya shigo. Da can sai mota ta wuce ta bakin shinge kafin ka san ana yaƙi. Yanzu yana cikin aljihuna, kuma tun da saƙon nan ya shigo duk hayaƙin da na gani a waya sai in ga kamar ɗana yana tsaye a bayansa.

Da rana na tafi wurin cin abincin da muke haɗuwa kusa da kasuwar Canaan. Na tarar da wani abokina, Alhaji ɗan Maraɗi, mai sayen atamfa da shadda, mun yi shekaru muna haɗuwa a garin nan. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, mi ya hwaru? Tun ɗazu kana juya cokali, ko kwantena ta maƙale?"

Na miƙa masa wayar. Ya karanta yana motsa leɓe, ya ce, "Bon. Ai da sauƙi. Shi ya ce sai ka yarda, ko? To kak ka yarda. Sai mi?"

Na ba shi labarin mahaifiyar Garba. Ya ce, "To ka yarda."

Na ce, "In yarda, in ƙasar wasu ta shanye min shi fa? Ni da bakina?"

Ya ajiye wayar a gabana a hankali. Ya ce, "Wallahi ban san mi zan ce ma ba. Ku Kanawa komi kun iya cinikinai, wanga ko babu ragi. Ci abincinka." Ban ci ba.

Washegari bayan sallar asuba, lokacin su can magariba ta yi, na kira shi. Layin garin nan sai a hankali, murya tana zuwa tana yankewa. A hoton da ya sa a wayarsa akwai ɗan jan furen nan a ƙirjinsa; na daɗe ina ganin hoton, sai ranar na lura.

Na ce, "Auta, ni na kai ka wurin mutanen da ba sa tafi. Me ka gani?"

Ya ce, "Baba, shi na gani. Na kalli fina-finansu, irin wanda kake ba mu labari. Ba sa yi wa mutum ƙarya. Sai sun nuna maka kabarin tukuna sannan su ce in za ka iya ka zo. Wallahi da kiɗa suka yi min da ban kula su ba."

Maganin da na ba shi tun yana yaro shi ne ya zama cutar. Na ce, "Ƙasar ma ba ta ubanka ba ce."

Ya ce, "Nan nake sallah, nan za a haifi 'ya'yana. Kuma Baba, ɓangaren injiniya zan shiga, gada da hanya ne aikinmu, ba gaba-gaba ba."

Na ce, "Aktan fim ɗin nan ma igiyar takalmi yake ɗaurewa."

Sannan ya ce, "Na sani. In ka ce a'a, na fasa. Ba zan ɗauki takalmina a hannu ba."

Wannan ce ta karya ni. Da ya yi min tsaurin ido da na samu abin kamawa, in yi faɗa in huce. Amma ya ɗauko abin gaba ɗaya ya ɗora min a cinya. Na san in na ce a'a zai zauna, ya yi ta gaishe ni da ladabi har in mutu, bayan nan ya tafi ba tare da kowa ya ce masa Allah ya kiyaye ba, don na san jinin da ke jikinsa. Tsoro nake ji, tsoro ƙwarai, ban ɓoye masa ba. Na buɗe baki zan yi magana, layin ya ɗauke. Na kira, na sake kira, bai shiga ba.

Sai na sa tabarau na rubuta, da ɗan yatsa ɗaya kamar yadda na iya. Na ce, "Na yarda. Allah ya yi maka albarka, Allah ya kiyaye." Na tura kafin zuciyata ta sauya. Sannan na ga bai ishe ni ba, akwai addu'ar da take cina tun jiya, cewa Allah ya shayar da ƙasar da za a kai shi, ta ƙoshi, kada ta nemi jinin ɗana. Na fara rubutawa, na nemi ƙugiya a wayar nan da na saya a kasuwar Shahe, na danna nan na danna can, meyo, in ji mutanen garin, babu. Haka na rubuta: "Allah ya kashe kishin kasar nan kafin ka isa." Da na sake karantawa sai na ga abin da na yi. In ka sa ƙugiya, roƙo ne Allah ya kashe wa ƙasa ƙishirwarta. In ba ka sa ba, roƙo ne Allah ya cire masa abin daga zuciya ya zauna a gida. Na duba raina da kyau, ban sami wanda zan goge ba a cikin biyun. Na tura.

Ba a jima ba ya amsa: "Baba, da kugiya ko babu?"

Na rubuta, "Ka dai ce amin."

Na ga alamar yana rubutu, ta tsaya, ta dawo, ta sake tsayawa. Ana ruwa a waje, ruwan garin nan da ba ya samun ƙasar da zai shiga, sai dai ya bi kan siminti ya faɗa kwata. Na riƙe wayar da hannu biyu.

"Amin, Baba."

Na daɗe ina kallon kalmar. Ita dai ba ta da harafin da zai rikiɗe min.